Hanyoyin Gano Furotin Ƙalilan Cikin Jini: Misali Daga Zazzaɓin Cizon Sauro a Ƙauyukan Hausawan Jazira

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda bayani ce a kan hanyoyin da masu binciken lafiya suke bi su gano furotin a cikin jinin mutum, ko da kuwa abin da ke cikin jinin bai taka kara ya karya ba. An gina bayanin a kan zazzaɓin cizon sauro, wato maleriya, kamar yadda yake addabar ƙauyukan Hausawa na yankin Jazira da gaɓar kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. A irin waɗannan ƙauyuka ana yanke hukuncin ba mara lafiya magani ko hana shi ne bisa wani ɗan layi da yake fitowa a jikin tsinken gwaji, kuma layin nan ba komai yake nunawa ba illa furotin. Saboda haka tambayar da ake yi a manyan ɗakunan bincike na duniya, wato yaya ƙanƙantar abin da gwaji zai iya gani, tambaya ce da ta shafi yaron da aka kawo ɗakin shan magani jikinsa zau da zafi.

Ɗalibin harshe zai ci karo da kalmomin fannu da dama a nan. Wasu an are su an daidaita su da lafazin Hausa, wasu kuma an ba su suna daga aikin da suke yi. Kalmomi biyu za su yi ta dawowa. Ta farko ita ce “kaifi”, wato iyawar gwaji ya gano abu kome ƙanƙantarsa. Ta biyu ita ce “tantancewa”, wato iyawarsa ya bambanta abin da ake nema da wanda ya yi kama da shi.

2.0 Wurin da mutanensa

Jazira kalmar Larabci ce mai ma'anar tsibiri, kuma ana nufin ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kudu da birnin Khartum inda kogunan biyu suke haɗuwa. Hausawa da Fulani sun daɗe suna ratsa wannan ƙasa a kan hanyarsu ta zuwa aikin Hajji, wasu sukan yada zango su yi noma ko ƙodago su tara guzuri, zangon ya zama zama. Ƙaura mafi shahara ita ce wadda ta biyo bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a shekarar 1906. Garin da suka kafa har yau sunansa yake amsawa, wato Mai Wurno. Mutanen Sudan sukan haɗa Hausawa da Fulani da Barebari su kira su Fallata ko Takari. Shehin malami Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya wallafa littafi a shekarar 1999 a kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci, kuma ya kamata duk ɗalibin da ke sha'awar aron kalmomi ya neme shi.

A shekarar 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman rani na Jazira domin noman auduga. Da aka ƙara masa ɓangaren Manakil, faɗin shirin ya kai wajen kadada dubu 880. Aikin auduga yana cin hannu ƙwarai, don haka aka dogara da 'yan ƙodago daga Afirka ta Yamma da yammacin Sudan. Da yawansu sun zauna a ƙananan matsugunai a bakin magudanan ruwa, waɗanda ake kira kambo, jam'i kanabi. A cikin kowane fili akwai ƙaramar magudana da ake ce wa Abu Ishirin, mai raba ruwa ga gonaki. Ruwan da ya raya auduga da dawa da gyaɗa da alkama shi ne kuma ya raya sauro, musamman nau'in Anopheles arabiensis mai yaɗa maleriya, da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Damina a wannan yanki gajeriya ce, daga Yuli zuwa Oktoba, kuma zazzaɓi yakan fi tsanani a ƙarshenta, amma magudanan nan suna riƙe ruwa bayan sama ta ɗauke.

Wannan ne ya sa gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu a shekarar 1979, domin yaƙi da maleriya da tsargiya da gudawa. Shirin ya yi kimanin shekara goma, ya rage zazzaɓi sosai, amma da ya tsaya sai cutar ta sake kunno kai. Abin tambaya shi ne, ina take ɓuya a lokacin da ake ganin kamar ta tafi? Kafin a amsa wannan sai an fahimci yadda ake ganin ta tun farko.

3.0 Furotin da abin kama shi

Yawancin masu karatu sun san furotin a matsayin ajin abinci mai gina jiki, irin su nama da wake da ƙwai. A ilimin halitta ma'anar ta fi haka faɗi. Furotin sarƙa ce da aka ƙulla daga ƙananan tubala iri 20 da ake kira amino asid, kuma yadda aka jera tubalan shi ke ba kowane furotin siffarsa da aikinsa. Mai nazarin harshe ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin haka baƙaƙe da wasula ƙalilan suke haifar da kalmomi marasa iyaka. Kowace halitta tana ƙera nata furotin, har da ƙwayoyin cuta, kuma umarnin ƙera kowanne yana rubuce a cikin ƙwayar gado, wato wani yanki na DNA.

Ƙwayar maleriya mafi haɗari, wadda kuma ta fi yawa a Sudan, ita ce Plasmodium falciparum. Idan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini takan ƙera wani furotin mai yawan tubalin histidin, wanda ake taƙaita sunansa da HRP2. An bayyana shi a shekarar 1986. Abubuwa biyu suka sa ya zama abin nema. Ƙwayar cutar tana fitar da shi da yawa ya narke cikin jini, sannan sarƙarsa tana maimaita jeri ɗaya sau da yawa, don haka akwai wuraren kamawa birjik a jikinsa.

Abin da ake kama shi da shi kuwa shi ne antibodi. Antibodi shi ma furotin ne, wanda garkuwar jiki take ƙerawa domin ya manne wa baƙon abu guda ɗaya tak, kamar yadda murfi yake dacewa da bakin tukunyarsa. A shekarar 1975 wasu masana biyu a Kambirij ta Ingila, Georges Köhler da César Milstein, suka gano yadda za a riƙa ƙera antibodi iri ɗaya sak da yawa a ɗakin bincike. Daga nan aka sami ƙugiyar da za a iya jefawa cikin jini ta kamo furotin ɗaya daga cikin dubbai. Sai dai kamawa daban, gani daban. Furotin da antibodi duk ido ba ya ganin su, saboda haka dole a rataya wa antibodin wata alama, ko launi ko haske. Dukkan hanyoyin da za a bayyana a gaba sun bambanta ne a kan irin alamar da aka rataya da kuma yadda ake karanta ta.

4.0 Madubin likita da tsinken gwaji

Tsohuwar hanyar gano maleriya ita ce a shafa jini a kan gilashi, a rina shi, a duba da madubin likita. Wannan hanya tana nuna ƙwayar cutar kanta, a ga irinta, a ƙirga yawanta. Amma tana buƙatar ƙwararre da madubi mai kyau da rini mai kyau da haske. A aikin yau da kullum mai duba yakan fara ganin cutar ne idan ta kai ƙwaya 50 zuwa 100 a cikin maikurolita ɗaya na jini. Maikurolita shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na lita, kuma a cikinsa akwai jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan biyar.

Tsinken gwajin gaggawa ya fara fitowa ne a farkon shekarun 1990, ya kuma bazu bayan shekarar 2010, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada duk wanda ake zaton yana da maleriya kafin a ba shi magani. Yadda yake aiki shi ne kamar haka. Ana huda yatsa a ɗebi jini kamar maikurolita biyar a ɗiga a ramin tsinken, sai a bi shi da ruwan magani mai farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Ruwan yana tsotsuwa ya bi wata siririyar takarda, kamar yadda kananzir yake bin lagwani. A farkon takardar akwai antibodi da aka liƙa wa ƙurar zinariya, wadda idan ta taru takan ba da launin ja mai duhu. Idan akwai HRP2 a jinin, antibodin zai manne masa su tafi tare. A gaba akwai wani antibodi na biyu da aka kafe a jere a kan takardar, shi kuma zai cafke furotin ɗin ta wani gefe. Ƙurar zinariya ta taru a wurin, layi ya fito. Akwai layi na biyu wanda dole ya fito ko da cuta ko babu, domin ya tabbatar ruwan ya bi hanyarsa. Cikin minti 15 zuwa 20 an gama.

Ga mai zazzaɓi wannan tsinke ya wadatar a mafi yawan lokuta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna ingancin tsinkuna ne da jini mai ƙwayar cuta 200 a maikurolita, kuma wanda maleriya ta kwantar yakan ɗauki dubbai. Har akwai inda tsinken ya fi madubi. Ƙwayar falciparum tana da halin liƙewa a bangon ƙananan jijiyoyi, da kuma cikin mabiyiyar mai juna biyu, ta yadda jinin yatsa zai iya fitowa kamar babu komai a madubi, alhali furotin da take fitarwa yana yawo a ko'ina cikin jini.

5.0 Cutar da ke kwana da rani

Amsar tambayar da aka bari a baya ta fito ne daga jihar Gadarif, gabas da Jazira, inda damina take da irin wannan gajarta kuma akwai ƙauyukan mutanen Afirka ta Yamma. A can masu bincike suka daɗe suna bin diddigin lafiyar ƙauyuka irin su Darawish na Fulani, da Koka na Hausawa a gaɓar kogin Rahad, da kuma Asar. A Asar ne Hamza Babiker da abokan aikinsa suka riƙa ɗibar jinin mutanen da suka yi maleriya da damina, suna bin su har cikin rani. Sakamakon da suka wallafa a shekarar 1998 ya nuna cewa mutane da dama suna ɗauke da ƙwayar cutar wata da watanni, babu zazzaɓi, babu ciwon kai, kuma madubi ba ya ganin ta. An gano ta ne da hanyar PCR, wadda take ninka DNA na ƙwayar cutar har sai ya yi yawan da za a gani.

Ma'anar wannan a fili take. Da rani sauro yakan yi ƙaranci ƙwarai, amma cutar tana nan kwance a jikin masu lafiya, tana jiran ruwan farko. Manomin da ke gyaran gonarsa a watan Yuni yana iya zama rumbun irin da sauro zai ɗiba ya kai wa jaririn maƙwabci a watan Satumba. Wanda yake son ya kawar da maleriya daga ƙauye, ba kawai ya warkar da masu zazzaɓi ba, dole ya sami hanyar ganin waɗannan mutane. PCR tana ganin su, amma tana buƙatar ɗakin bincike da lantarki da kuɗi da kwanaki. Daga nan ne aka shiga neman gwajin furotin wanda kaifinsa zai kusanci na PCR.

6.0 Yadda ake ƙara wa gwaji kaifi

Kafin a shiga hanyoyin, ya kamata a san ma'aunin. Ana auna irin wannan furotin da fikogiram a mililita, kuma fikogiram shi ne kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram. Adadi irin wannan ba ya zama a kai sai da misali. Tsinken gwaji na yau da kullum yana fara ganin HRP2 ne a wajen fikogiram 800 a mililita. Wannan daidai yake da a narkar da giram ɗaya na sukari cikin ruwa lita miliyan ɗaya da dubu 250, wato kimanin tanka 38 irin mai ɗaukar lita 33,000. Tsinken da ake saya a kemis ke nan, wanda ake ganin kaifinsa ya gaza.

Tushen dukkan waɗannan gwaje-gwaje shi ne aikin Rosalyn Yalow da Solomon Berson a birnin New York na Amurka, waɗanda a ƙarshen shekarun 1950 suka auna sinadarin insulin a jini ta hanyar amfani da antibodi da alama mai fitar da tururin nukiliya. Yalow ta sami kyautar Nobel a kan wannan a shekarar 1977. A shekarar 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann a Suwidin suka maye gurbin alamar nukiliya da enzayim, wato furotin mai hanzarta sauyin sinadarai, suka kira hanyar ELISA. Hikimar enzayim ita ce ba ya gajiya. Ƙwaya ɗaya takan sauya dubban ƙwayoyin wani ruwa marar launi su zama masu launi, don haka ƙaramin kamu yana ba da babbar alama. Ana yin ELISA a faranti mai rijiyoyi 96, kowace tana cin ruwa kamar maikurolita 100, sai na'ura ta auna duhun launin.

Iyakar ELISA tana cikin girman rijiyar. Idan furotin ya yi ƙaranci, ɗan launin da ya samu yakan baje cikin ruwan ya ɓace, kamar a jefa ƙwayar shuni ɗaya a marina. Masana sun bi hanyoyi daban-daban domin tsallake wannan. A shekarar 1992 Takeshi Sano da Cassandra Smith da Charles Cantor suka rataya wa antibodi guntun DNA a maimakon enzayim, domin a ninka shi da PCR. Wasu kuma suka liƙa antibodi a kan ƙananan duwatsu masu launi daban-daban, irin na kamfanin Luminex, ta yadda ɗigon jini ɗaya zai amsa tambayoyi da yawa a lokaci guda.

Hanyar da ta fi jan hankali ita ce wadda aka wallafa a shekarar 2010, daga aikin David Walt na Jami'ar Tufts da kamfanin Quanterix, wadda ake kira Simoa. Dabararta ita ce a ƙanƙanta rijiyar. Ana zuba dubban ɗaruruwan ƙananan duwatsu masu maganaɗisu cikin jinin, kowanne da antibodi a jikinsa. Da yake duwatsun sun fi ƙwayoyin furotin yawa nesa ba kusa ba, mafi yawansu ba za su kama komai ba, waɗanda suka kama kuwa ɗaya-ɗaya za su kama. Sai a rataya enzayim, a baza duwatsun a kan faifai mai rijiyoyi sama da 200,000, kowace rijiya dutse ɗaya take ci, a rufe bakinsu da mai. Kowace rijiya ta fi ta ELISA ƙanƙanta kusan sau biliyan biyu. A cikin wannan ɗan wuri hasken da enzayim ɗaya ya haifar ba shi da inda zai baje, don haka kyamara takan gan shi sarai. Abin da ya rage shi ne ƙirge: rijiya nawa ce ta yi haske, nawa ce ta yi duhu. An bar tambayar yaya duhun launi yake, an koma tambayar guda nawa ne. Da wannan ake auna wasu furotin a ƙasa da fikogiram ɗaya a mililita, wato giram ɗaya cikin lita biliyan. An fi amfani da ita a binciken cututtukan ƙwaƙwalwa, inda furotin na jijiyoyin da suka lalace yake tsiyayowa cikin jini kaɗan-kaɗan.

Na'urar Simoa ba ta zuwa kambo. Abin da aka yi domin ƙauye shi ne gyara tsinken da aka sani. A shekarar 2017 kamfanin Alere, wanda Abbott ya saye a wannan shekarar, ya fito da tsinke mai ganin HRP2 a wajen fikogiram 80 a mililita, wato ya fi na da kaifi sau goma. A misalin da ya gabata, giram ɗaya ke nan cikin tanka 380. Yadda ake amfani da shi bai sauya ba: yatsa, ɗigo, jira, layi.

7.0 Inda kaifi ba ya raba gardama

Da aka kai sabon tsinken ƙauyuka a Afirka da Asiya, ya gano masu ɗauke da cuta fiye da tsohon, amma ratar ba ta kai yadda aka yi fata ba, kuma har yanzu yana tsallake da yawa daga waɗanda PCR take gani. Wannan ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da biyun da ke tafe.

Ta farko ita ce furotin ba ya mutuwa tare da mai shi. Bayan an sha magani ƙwayoyin cutar sun mutu cikin kwana biyu ko uku, HRP2 yakan saura a jini. Tsinke na yau da kullum yakan ci gaba da nuna layi mako biyu ko fiye, a wasu mutanen har ya wuce wata. Sawun giwa yana nan bayan giwa ta wuce, kuma duk yadda ido ya ƙara kaifi, tsohon sawu zai ƙara gani. A ɗauki yaron da ya warke daga maleriya a watan Oktoba, ya sake yin zazzaɓi a Nuwamba. Tsinke zai ce maleriya, a sake ba shi maganinta, alhali abin da ke damunsa yana iya zama taifot ko ciwon huhu ko zazzaɓin dengi, ko kuma kala'azar, wadda take kisa idan ba a yi maganinta ba kuma sananniya ce a Gadarif da Sinnar da Shuɗin Nilu. Haka kuma babban mutum da ke ɗauke da 'yan ƙwayoyi tun bara, layi zai fito masa da gaskiya, amma ba su ne suka kwantar da shi ba. Gwajin bai yi ƙarya ba, tambayar da ya amsa ce ta bambanta da wadda likita yake yi. Shi ya sa tsinke mai tsananin kaifi ya fi dacewa da mai binciken ƙauye da ke neman inda cuta take ɓuya, fiye da ma'aikacin ɗakin shan magani da ke neman dalilin zazzaɓin yau.

Ta biyu ta fi tsanani. A shekarar 2010 aka ba da rahoto daga yankin Amazon na ƙasar Peru cewa akwai ƙwayoyin falciparum da suka rasa ƙwayar gadon da ke ƙera HRP2 ɗungurungum. Suna sa zazzaɓi kamar sauran, suna kisa kamar sauran, amma ba su fitar da furotin da tsinke yake nema. Akwai wani furotin ɗan uwansa, HRP3, wanda antibodi yakan kama bisa kamanni, sai dai wasu ƙwayoyin sun rasa shi ma. An ɗauka matsalar Kudancin Amurka ce, sai ga ta a Iritiriya, maƙwabciyar Sudan ta gabas. A can ma'aikatan lafiya suka riƙa ganin ƙwayoyin cuta ƙuru-ƙuru a madubi amma tsinke yana cewa babu. Binciken da aka yi a asibitocin Ginda da Masawa a shekarar 2016 ya sami kashi 62 cikin ɗari na ƙwayoyin da aka duba ba su da ƙwayar gadon HRP2, kuma ƙasar ta daina dogara da irin wannan tsinke. Daga baya an sami rahoton irinsu a Habasha da Jibuti, da Sudan ita kanta.

Yadda irin waɗannan ƙwayoyi suke iya yaɗuwa abin lura ne. Idan magani sai wanda tsinke ya nuna wa layi, to ƙwayar da ke fitar da furotin ita ake kashewa, wadda ba ta fitarwa kuwa a sallami mai ita ya koma gida sauro ya ɗiba. Wato gwajin da kansa yana iya zama mai zaɓen irin da zai tsira. A nan ƙarin kaifi ba shi da wani amfani. Ko da na'ura tana ƙirga furotin ɗaya-ɗaya, ba ta ƙirga abin da ba a ƙera ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye ma'auni: idan masu maleriyar da tsinke ya tsallake saboda wannan dalili suka kai kashi biyar cikin ɗari, to ƙasa ta sauya irin tsinken da take amfani da shi.

Abin da ake komawa gare shi shi ne wani furotin, pLDH, wanda enzayim ne da ƙwayar cutar take buƙata wajen samun kuzari, don haka ba ta iya yar da shi. Yana kuma ɓacewa daga jini cikin 'yan kwanaki bayan magani, wato ba ya barin dogon sawu. Aibinsa shi ne bai kai HRP2 yawa a jini ba, kuma tsinkunansa na da ba su da kaifi sosai. A nan ne aikin ƙara kaifi yake da ainihin muhallinsa, kuma an sami sababbin tsinkunan pLDH da suka fi na da gani. Darasin zaɓen abin nema ya taɓa faruwa da kala'azar a wannan ƙasa: tsinken rK39, wanda yake aiki sosai a Indiya, kaifinsa ya ragu a Sudan, har aka ƙera rK28 da wani yanki da aka ɗauko daga ƙwayar cutar Sudan.

8.0 Tsakanin ƙauye da ɗakin bincike

Antibodi furotin ne, kuma zafi yana lalata furotin. Ana son a ajiye tsinkunan gwaji a ƙasa da digiri 30 ko 40 gwargwadon irinsu, alhali zafin Jazira a watannin Afrilu da Mayu yakan haura 40 a inuwa. Kwalin da ya yi mako a bayan mota ko a ɗakin kwano ba lallai ya riƙe kaifin da aka rubuta a jikinsa ba.

Akwai wata hanya mai sauƙi da ke haɗa ƙauye da manyan na'urori. Ana ɗiga jinin yatsa a kan takarda mai tsotso, a bar shi ya bushe, a sa cikin leda da ɗan ƙunshin abin tsotse laima, a aika da shi. A ɗakin bincike za a yanki ɗan da'ira daga takardar a jiƙa, a auna HRP2 da pLDH tare ta hanyar duwatsu masu launi. Jinin da ya nuna pLDH amma babu HRP2 shi ne abin tuhuma, sai a kai shi PCR a tabbatar ko ƙwayar gadon ta ɓace. Ta haka ake tace dubban samfura ba tare da an yi wa kowanne gwaji mai tsada ba.

Irin wannan aiki yana buƙatar cibiya mai lantarki da firji da ma'aikata. A Wad Madani, babban birnin Jazira, akwai Jami'ar Jazira da cibiyarta ta Shuɗin Nilu mai binciken cututtuka masu yaɗuwa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya iso Wad Madani a watan Disamba na wannan shekarar, lokacin da dakarun RSF suka kama birnin, sojojin gwamnati ba su ƙwato shi ba sai a watan Janairu na 2025. Garin Sinja, hedikwatar jihar Sinnar, shi ma ya faɗa hannunsu daga ƙarshen Yuni zuwa Nuwamba na 2024. A tsakanin nan asibitoci da ɗakunan bincike da yawa sun daina aiki, jama'a kuma sun watsu zuwa Gadarif da Kasala da wasu wurare, daga yankin da ke da nasa yanayin maleriya zuwa wanda ya fi kusa da iyakar Iritiriya da Habasha. Duk binciken da za a yi a kan ƙwayoyin da suka rasa HRP2 a ƙauyukan Jazira da Shuɗin Nilu sai ya yi la'akari da inda mutum ya yi daminar 2024.